Gwangwanin da Baba Ke Sa Mini a Aljihu

Duk safiyar duniya sai na tarar da gwangwani a aljihuna, kuma ban taɓa kama Baba yana zura shi ba. Mutumin da ba ya tuna ko ya karya kumallo, wanda sai na nuna masa ƙofar banɗaki a gidan da ya tsufa a ciki, amma hannunsa bai manta hanyar aljihun rigata ba. Ɗan gwangwanin man goge takalmi ne, mai faɗin nan da bai cika tafin hannu ba, an ɗaure shi da roba. In ka buɗe, kyandir ne a ciki, ga 'yan sillen ashana a maƙale a murfi. Sau nawa na jiƙa riga da shi, sai ina cuɗawa in ji ƙwas a cikin bokiti. In ciro in dangwarar a kan tebur in ce, "Baba, don Allah ka ƙyale ni. Ni tela ce, ba rami nake shiga ba."

Sai ya dube ni ya ce, "Dogo, ba a sauka ba wuta."

Dogo ƙaninsa ne. Tare suke haƙar rijiya tun suna samari, kuma a cikin wata rijiya ya rasu tun ba a haife ni ba. Ni ce auta a gidanmu, ni ce kuma na kwaso tsawon dangin Baba, to da mantuwa ta kama shi sai na koma Dogo. Abin nan yana ƙona mini rai, ba zan ɓoye ba. Ni ke masa wanka, ni ke yanke masa farce, ni na rufe shagona na kasuwa na dawo da keken ɗinki falo, na kulle kaina a hawa na uku ba fita ba shiga, amma godiyar duk ta mamaci ce. Kullum sai na ce, "Ni ce 'yarka! Auta! Dube ni da kyau, ka taɓa ganin Dogo da ɗankwali?" Shi kuwa ya yi ta murmushi, ko a jikinsa.

Yayyena kam sai dai waya. "Ki yi haƙuri, Auta, aljanna kike ginawa." Na ce to wani ya zo ya kama mini bulo ɗaya mana, ginin ya yi mini yawa. Daga nan sai sabis ya lalace a ɓangarensu.

Ranar da ya kusa cinna wa labulen kicin wuta wajen narka kyandir ɗin gwangwanayensa, mai gidan da muke haya ya ce ko dai a daina ko mu tashi. Hana shi kuwa ba ya yiwuwa, don in ba a bar shi ya yi ba, yini zai yi a bakin ƙofa yana jijjiga mariƙi har maƙwabta su fara buga bango. Da ƙyar aka ba mu ɗakin ajiya na can ƙasan ginin, ƙarƙashin shagon mai kayan masarufi. Ta baya ake sauka, ta wata siririyar matattakala tsakanin ginin da doguwar katangar da ta tare ƙasar tudun bayanmu. Ba taga. Ƙofar ƙarfe ɗaya, ƙwan lantarki ɗaya, tsohon teburin katako, sai bututun ruwa da ya ratsa ta kusurwa ya haura sama. Nan nake kai shi kowace hantsi, in zauna in zuba masa ido, ɗinkin mutane na can yana jirana.

Ranar da abin ya faru an kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Na so mu haƙura, ya kama jijjigar ƙofa, na yi tsaki na ɗauko lema. Wayata ma na bar ta a kan keke tana caji, don a zatona yanzu za mu dawo.

Da zarar ya tsaya gaban teburin nan, Baba wani mutum yake komawa. Ya wanke gwangwanin da sabulu ya goge har ƙanshin man takalmin ya fita. Ya tattara guntayen kyandir da mai shago ke tara masa, ya kakkarya su a cikin tsohon gwangwanin madara, ya ɗora shi a cikin tukunyar ruwa a kan risho. Ba ya yarda a ɗora kai tsaye a kan wuta. Ran nan sai ya miƙo mini zaren tsohuwar singileti da ya warware.

"Murza lagwani, Dogo. A cinya, ba a tafi ba."

"Ni Auta ce."

"Kada ka yi shi da kauri, ya ci iska da yawa. Kada ka yi shi siriri, numfashinka ya kashe shi."

Na murza ina ƙunƙuni. Ya karɓa ya duba, ya ce na cika gaggawa tun ina yaro, amma zai yi. Ya tsoma lagwanin a narkakken kyandir ya miƙar da shi ya sandare, ya ɗiga ɗigo ɗaya a gindin gwangwanin ya dasa shi, ya gitta tsinke biyu a baki suka riƙe shi a tsaye. Sannan ya tsiyaya a hankali, bai cika ba, ya bar wa murfi wuri. Kan kowace ashana sai da ya tsoma shi a kyandir don kada ruwa ya taɓa shi. Ya yanko gefen kwalin ashanar, wurin ƙyastawa, ya naɗe a 'yar leda ya cusa a murfin. Robar ɗaurewa kuwa daga tsohon tiyub na keke yake yanko ta. Irinsu sun cika kwali a kan kanta, ba mai saye, ba mai so.

Yana cikin jiran ya daskare muka ji ƙarar. Ba tsawa ba ce, don ta ƙasa ta zo, har teburin ya girgiza. Ƙofar ƙarfen ta lotso ciki, kantar ta kife da kwalin, ƙwan lantarki ya mutu. Hasken da ya rage sai shuɗin wutar risho, shi ma kafin in gama salati Baba ya murɗe shi ya kashe.

Na ce, "Baba, me ka yi haka? Ka bar mu a duhu!"

Ya ce, "Ya fi mu cin iska."

Na lalubi ƙofa na tura da kafaɗa, ko gezau. Katangar nan ce ta zube da ƙasar tudun gaba ɗaya a kan matattakalar. Ta ƙarƙashin ƙofar na ji ruwa mai sanyi da laka yana bin yatsun ƙafata.  Na dinga dukan ƙofar ina ihu, ina kiran mai shago, ina kiran maigadin ginin, har da yayyena da ke wata duniya sai da na kira na zage su. Na yi ihu har maƙogwarona ya fara zafi, babu abin da ya dawo mini sai muryata.

Sai na ji ƙyas. Baba ya ciro nasa gwangwanin daga aljihu, ya kankare kan ashana da farce, ya kunna. 'Yar wuta ce ƙarama, amma na ga fuskarsa, kuma babu ɗigon tsoro a cikinta. Rabon da in ga idonsa a tsaye haka har na manta.

Ya ce, "Ka gama? Ihu cin iska ne. Ga ƙarfe can, buga shi."

Ya miƙo mini cokalin da yake juya kyandir, ya nuna bututun. Na fara bugawa. Ya ce ba haka ba, in buga in tsaya in saurara, wanda ba ya tsayawa ba ya jin amsa. Sannan ya rufe gwangwanin da murfi, duhu ya dawo.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. In buga, in tsaya, in buga. Ruwan ya wuce idon sawu ya kama hanyar gwiwa. Na ɗora Baba a kan tebur, ni ina tsaye a cikin ruwa, gwangwanayensa suna yawo suna taɓa mini ƙafa. Kyandir cike da ɗaki, mu kuma a duhu, don an hana kunnawa. Kaina ya fara sarawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, na daɗe ina cewa gidan nan kabari ne aka rufe ni a ciki da raina, ga shi bakina ya ja mini. Na tuna rigar bikin da na yi wa wata alkawarin gamawa, sai kawai na fashe da kuka. Tsoro nake ji sosai, kada in mutu a nan, kada kuma ya mutu a gabana in rasa yadda zan yi da shi.

Can ya sake kunnawa. Ya sunkuya ya sauke gwangwanin a hankali har kusa da fuskar ruwa. Wutar ta tsuke ta koma kamar ƙwayar gero, ta yi shuɗi. Ya ɗaga ta sama, ta ɗan miƙe.

"Iskar ƙasa ta fara mutuwa. Hawo nan, ka tsaya tsaye."

Na hau teburin muka tsaya kafaɗa da kafaɗa, kaina yana gogar silin, hannuna ɗaya a bututu. Ya kashe wutar. A cikin duhun ne ya fara magana ƙasa-ƙasa, kamar mai yi wa kansa.

"Ka san doka. Wuta ke fara sauka, sannan mutum. In ta rayu, a shiga. In an zo fita, ƙarami ke fara hawa. Babba ya riƙe wuta a ƙasa, ba ya taɓa igiya sai ya ji muryar ƙaninsa daga sama ya ce ya fito. Haka aka koya mana."



"Ni na karya ta. Masu jan igiyar nan baƙi ne, ba su iya ba, igiya tana cin bakin rijiya. Na ce bari in hau in gyara musu in dawo. Na ba ka wutar. Ina gyarawa na leƙo, ban ga haske ba. Na kira ka, Dogo, na kira ka, ba ka amsa ba."

A gidanmu ba a taɓa faɗin wannan ba. Abin da muka sani kawai, Baffa Dogo ya rasu a rijiya, Baba kuma bai ƙara haƙa ba, ya koma gadi. Bakina ya buɗe zan ce ni Auta ce, kamar yadda na saba, sai na kasa. Na laluba na kama hannunsa. Ya ce in ci gaba da bugawa, wa ya ce in tsaya.

Ashe mai shago ya ji. Amsar ta zo ta cikin bututun, ƙwan ƙwan ƙwan, sai da na ji ta a tafin hannuna. Na buga kamar mahaukaciya, Baba ya daka mini tsawa. Bayan wani lokaci aka fara dukan silin daga sama, ba daidai kanmu ba, ta can gefe. Siminti yana zubowa cikin ruwa, ƙura ta cika mana baki. Na cire ɗankwalina na rufe wa Baba hanci. Ruwan kuwa bai fasa aikinsa ba, ya shafe saman teburin ya fara taɓa mana ƙafa. Bangon da ke wajen ƙofa yana wani irin ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana taka busasshen kara.

Da haske ya faɗo ɗakin sai da na runtse ido. Muryar mai shago na fara ji.

"Auta! Kuna da rai? Baba fa?"

"Muna nan! Ku yi sauri, don Allah!"

Wani ya karɓe, ya ce shi ɗan kwana-kwana ne, in saurare shi da kyau. Ramin da suka fasa ƙarami ne, tsakanin rodi da rodi, mutum ɗaya zai wuce da ƙyar, kuma babu lokacin faɗaɗa shi don bangon baya yana motsi. Ba wanda zai iya saukowa da kayan aiki a jikinsa. Za su zuro igiya da bel, mu fito ɗaya bayan ɗaya, tsohon ya fara.

Na sauka cikin ruwa har ƙugu, na jawo teburin da Baba a kai zuwa ƙarƙashin ramin, na sake hawa. Igiyar ta sauko. Na kama bel ɗin zan zagaya masa a ƙirji, sai ya riƙe mini wuyan hannu. Tsohon da nake ɗagawa daga kujera kullum, wallahi na kasa ƙwacewa.

"Kai ne ƙarami."

"Baba, ka bari in ɗaura maka! Ba rijiya ba ce, gidanmu ne! Ni ce Auta, 'yarka, ka ji ni? Kai za ka fara fita!"

"Ba zan sake ba," in ji shi. "Sau ɗaya na yi."

Na roƙe shi, na yi masa tsawa, na ce zan ɗauke shi da ƙarfi. Daga sama ana ta cewa me muke jira. Bangon ya sake ƙara, wani ɓangaren filasta ya ɓallo ya faɗa ruwa. Na dubi fuskar Baba na san ko za mu kwana a nan ba zai hau ba, gardamar kuma lokacinsa take ci, ba nawa kaɗai ba. Ban taɓa jin abin da ya yi mini ciwo kamar ɗaga hannuwan nan da na yi ba. Ya zagaya mini bel ɗin, ya ƙara da wani ƙulli nasa a igiyar, ya ja ya gwada.

Ya kunna gwangwaninsa, sai ga shi ya kusa ƙarewa, lagwanin ya kwanta a cikin ɗan ruwan kyandir. Na tuna da na aljihuna. Ya jiƙe sharkaf ta waje, na cire robar na buɗe, cikinsa a bushe. Na kunna daga nasa na sa masa a hannu. Ya gyaɗa kai, ya girgiza igiyar, aka ja ni.

Rodin ya yage mini riga ya kankare mini kafaɗa, ban ma ji ba. Na tsinci kaina a ƙasan shago tsakanin buhuna da katan-katan, mutane cike, wata mata tana ƙoƙarin lulluɓa mini zane. Na ture ta na koma bakin ramin na kwanta rub da ciki. Can ƙasa ga 'yar wutar, ga farin kan Baba, ruwa ya kai masa ƙwauri a kan teburin. An mayar da igiyar tana lilo a gaban fuskarsa, bai ko kalle ta ba. Wutar kawai yake kallo.

Ɗan kwana-kwanan ya ce, "Baba, kama bel ɗin! Sa shi a ƙirji, Baba!"

Mai shago ya gwada, shi da suke gaisawa kullum, duk a banza. Na ce su matsa, na zura kaina cikin ramin na ƙwala, "Baba! Baba, ka kama igiya!" Ko ɗaga kai bai yi ba. Teburin ya ɗan karkata, ya gyara tsayuwa, ya kare wutar da tafin hannu. Ɗan kwana-kwanan ya fara cire rigarsa yana cewa zai gwada matsawa ya sauka haka nan, na kusa da shi ya ce kafaɗarsa ba za ta wuce ba.

Ni kuwa na san abin da yake jira, shi da bakinsa ya faɗa mini. Shekara da shekaru ina faɗa da sunan nan, ina ganin in na amsa shi sau ɗaya shi ke nan na rasa ubana, ba wanda zai ƙara tuna masa yana da 'ya. Na share majina da bayan hannu, na buɗe murya iya ƙarfina.

"Yaya! Na fito! Ga ni a sama, Yaya, hawo!"

Ya ɗago kai. Hasken ya sa shi ƙifta ido, ya daɗe yana dubana. Sannan ya rufe gwangwanin da murfi, ya mayar da robar, ya sa a aljihu, duk a natse kamar ba ruwa a ƙafarsa. Ya kama bel ɗin ya zagaya, ya yi ƙullinsa, ya girgiza igiyar.

Sun fito da shi a hankali, ba shi da nauyi. Ƙafarsa ta bar ramin, ba da jimawa ba muka ji bangon ya tafi, iska mai wari da ƙura ta bugo ta ramin, aka yi ta salati ana jan mu waje. Ruwan sama ya tsagaita, titi cike da mutane da motoci. Aka zaunar da shi a bayan motar asibiti aka yafa masa bargo, wata ma'aikaciya tana tambayarsa sunansa, bai kula ta ba. Idonsa yana ta yawo cikin jama'a har ya sauka a kaina. Na durƙusa a gabansa. Ya shafa kaina, ya shafa kafaɗar da ta kankare, ya riƙe fuskata da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa.

"Ka fito," ya ce.

"Na fito, Yaya."

"Duka mun fito?"

"Duka."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya jingina da jikin motar ya lumshe ido. Ma'aikaciyar ta tambaye ni ko ni ce 'yarsa, na ce mata e, ta ce in hau mu tafi. Sai da motar ta tashi na ji wani abu yana taɓa mini cinya. Na sa hannu a aljihu, gwangwanin ne, da sauran ɗuminsa.